Furen Torkel

A bakin garin Uppsala, inda ake jiran keken doki, tsohuwa Ingeborg tana zaune rungume da wani ɗan tsiro a tukunyar ƙasa. Wani mai sayar da busasshen kifi ya zauna kusa da ita.

"Iya, ciyawa kike rungumewa haka kamar jariri?"

"Daga lambun malamin tsirrai na karɓo ta."

"Af! Tsohon nan da ya ƙarar da rayuwarsa yana raɗa wa ciyayi da ƙwari suna, yana ware kowanne da danginsa? Aikin banza! Ya kwashi 'ya'yan mutane ya tura su ƙetaren teku tsintar ganye, da yawa ba su dawo ba."

"Nawa ma bai dawo ba."

Mai kifi ya sake duban tsiron.

"Zazzaɓi ya kashe shi a can," in ji ta. "Irin wannan furen kaɗai ya iso gida. Malam ya shuka, ya sa masa sunan yarona."

"Ya cinye miki ɗa, ya sallame ki da ciyawa?"

"Kai, iya bakinka! Ni ma na tsine masa, har sai da na ga tsohon yana kuka a gaban tsiron nan. Ban san kabarin ɗana ba. Amma ko a ina furen nan ya tsiro, masana sai sun kira sunansa."

"Yaya sunan?"

"Torkelia."

"A'a, Iya. Sunan yaron nake tambaya."

Ta juyo ta dube shi. Rabon da a yi mata wannan tambayar har ta manta.

"Torkel," in ji ta. "Miyar wake yake so."

Mai kifi ya gyara zama, ya tare wa tukunyar iska da jikinsa.