Rufin Ɗakin Inna

Tumaki biyu Inna ta sayar ranar kasuwar Gwandu, ta ƙulle kuɗin a bakin zanenta, ba ta kwance ba sai da muka iso bakin mota. Da su na fita ci-rani. Kai Sahabi, kai Nasiru, tunda kun ce bana kuna gama girbi za ku bi duniya, ku matso ku ji. Ubanku ƙanena ne, amma ba zai gaya muku komai ba, shi ko Jega bai taɓa wucewa ba.

Lokacin ko jihar Kebbi ba a yi ba. Abin da ya fitar da ni kuwa ɗakin kakarku ne. Ba ku san shi ba, ni na rushe shi. Ginin ƙasa ne mai kauri, in ka miƙa hannu a bakin taga ba ka kai ƙarshen bangon, rufinsa azara da laka. Da azahar a tsakiyar bazara duk matan unguwa nan suke taruwa, wannan na kaɗi, waccan na saƙar faifai, ana ɓarar gyaɗa ana gulmar duniya, randa na lungu tana gumi. Aibinsa ɗaya, da damina yana yoyo wuri biyu. To, sai ɗan maƙwabcinmu ya dawo daga Kurmi ya yi wa uwarsa rufin kwano, yana walƙiya tun daga bakin gari. Ni kuma in ga Inna tana tara ruwa da ƙwarya. Abin ya tsaya mini a rai.

A bakin mota na ce mata, "Inna, ba ni komowa sai da kuɗin kwano."

Ta ce, "Yaɓe ɗai shika so, Umaru. Ni dai ka komo lahiya."

Ban saurare ta ba. Ƙuruciya ce.

Yamai na fara zuwa, don ita ce kusa. Na sami shara da aike a wani ofishin gwamnati. Babban akawu wani tsoho ne siriri, ana ce masa Mushe. Ku bar dariya, can duk wani babba mushe ne, da ransa da lafiyarsa. Wannan mutum yana tsaron wutar lantarki kamar yadda Inna ke tsaron kananzir ɗin fitilarta. Ƙwai ɗaya a ɗaki, fanka ɗaya, injin sanyi kuwa guda ne a duk ginin, a ofishin darakta, suna ce masa kilim. Rana na take tsaka sai ka ji, "Kupe!" A kashe komai, a ja tagogin katako, kowa ya tafi gida sai ta yi sanyi a dawo. Wata rana na bar fanka tana juyawa ba kowa a ɗakin. Ya kama kunnena, da gemuna da komai, ya kai ni ƙarƙashinta.

"Wa take yi wa fifita? Aljanu?"

Wutar nan kuwa daga ƙasarmu take zuwa musu, wayoyinta ta wajen Birnin Kebbi suke bi, mu kuma a gidanmu aci-balbal muke kunnawa. Shekara biyu na yi. Albashin ba ya ɗaukar mutum balle kwano, abin da na fito da shi dai hannu ne wanda ba ya iya wuce makunni bai kashe ba.

Daga nan sai Ikko. Can na bar gwiwoyina, in kuna son sanin inda suke. Wani ɗan Kalgo mai gadi ya sama mini aiki a bene mai hawa tara, duk ofisoshi ne, lauyoyi da 'yan inshora da masu odar kaya. Ginin gilashi ne daga sama har ƙasa, tagoginsa ba sa buɗuwa, wanda ya zana shi ya ɗauka wuta ba ta taɓa ɗaukewa. Kowane ɗaki da iyakwandishan ɗinsa maƙale a bango yana ɗigar ruwa. A ƙasa akwai janareta, girmansa kamar tipa. Ga inda aikina yake: in an ɗauke wuta, janaretan ba ya iya tashi matuƙar injinan sanyin nan duka suna kunne. Sai wani ya bi ɗaki ɗaki ya kashe su tukuna. Lifta kuwa ta mutu tare da wutar. Ni ne wanin.

Injiniyan gidan ya leƙo daga ɗakin inji ya daka tsawa, "Malam! Go ofam!" Wato je ka kashe su. In kwasa da gudu. Hawa na ɗaya, na biyu, har na tara, sannan in sauko in ce an kashe, ya tayar da inji, in sake hawa in gaya wa hawa uku kacal su kunna nasu, sauran su yi haƙuri. Wata rana sau biyar. Daga nan sunan nan da yaran Kalgo ke kirana da shi ya samo asali, Baba Ofam, ai na san kuna faɗa in na juya baya.

Kuma ba gudun ne ya fi ciwo ba, mutanen ne. Akwai wani lauya a hawa na bakwai, da kwat da maɗaurin wuya, a garin da ko singileti nauyi take yi. Ya ɗan iya Hausa, ya yi makaranta a Zariya.

"Aboki, kar ka taɓa nawa. Kashe na maƙwabta."

"Ranka shi daɗe, in ba a kashe duka ba, inji ba shi tashi."

"Ka san ko ni wane ne?"

"Na sani. Amma inji bai sani ba."

Ya kai ƙarata. Injiniya ya zage ni a gabansa, da ya fita kuma ya ba ni goro. Kowane mako tankar gas tana zuwa ta juye wa injin nan, hayaƙi ya turnuƙe bayan gida inda muke sallah. In janaretan ya lalace kuwa, cikin rabin sa'a ginin ya zama tukunya, ka ga manyan mutane sun sauko bakin titi suna fifita da takardun shari'a.

Ni da nake kashe wutar bene tara, ɗakin da nake haya ƙwai ɗaya gare shi, shi ma mai gidan kullum da safe sai ya kwance shi ya sa a aljihu.

"Baba, don mi?"

"Ku 'yan Arewa kuna barin wuta a kunne."

Ni! Na zauna bakin tabarma ina dariya ni kaɗai, gwiwa na zogi.

Shekara biyar na yi ina wannan hawa da sauka. Kullum na ce na kusa, sai kwano ya ƙara tsada. Sai aka ce mini a Jidda ko shara kake yi ka fi akawun Ikko. Na tattara abin da nake da shi na tafi Umra, na gama ibadata, na ƙi dawowa, kamar yadda mutane da yawa suke yi a lokacin. Allah shi yafe mana.

Jidda kuwa ba ta san kupe ba, ba ta san ofam ba. Na sami goge-goge a ginin wani kamfani, hawa shida. Wuta ba ta ƙiftawa. Fitilu a kunne da rana tsaka, injin sanyi, su mukayyif suke cewa, yana aiki ko da mutum ko babu. Har rigar sanyi na saya a ƙasar da kwalta ke narkewa. A waje kuma leburori 'yan Bangaladash suna cin abinci a inuwar mota. In na shiga ɗaki na ga ba kowa, fitila takwas na ci, sai in ji kamar Mushe na riƙe da kunnena. Shekara uku ina daurewa, wani lokaci har hannu nake sawa a aljihu.

A hawa na huɗu akwai wani ɗaki da ba mai zama a cikinsa. Akwatunan ƙarfe ne jere, suna gunji, da ƙananan fitilu suna ƙyafta ido. Ya fi ko'ina sanyi, mukayyif biyu gare shi. Ina shiga in share in fito haƙora na kaɗawa. Wata Alhamis da la'asar, kowa ya tafi hutun Juma'a, na tsaya a ƙofar ɗakin nan na ce, yanzu ƙarfe ake yi wa fifita har kwana biyu? Ban yi shawara da kowa ba. Na kashe duka biyun, na ja ƙofa, har ina jin na yi wa masu gidan alheri.

Ranar Asabar na tarar da gini a hargitse. Ashe akwatunan nan kwamfuta ce, duk aikin kamfanin a cikinsu yake, kuma zafi ke kashe su. Mudir, wato manajan, ya tara mu masu shara a tsaye.

"Min gaffal mukayyif?" Wa ya kashe, ke nan.

Na ɗaga hannu. Me zan ɓoye? Na ce da 'yar Larabcina, "Ba kowa a ciki, ya mudir."

Ya dube ni ya daɗe. Bai ma zage ni ba, da ya zage ni da ya fi. Ya nuna mini ƙofa da ɗan yatsa. Bayan sati biyu aka kama ni a titi ba takarda, aka sa ni a jirgi. Kuɗina dai suna cikin ɗamara a ƙuguna, kuma a karo na farko sun isa.

Shekara goma ke nan da fitata. Na sauka Kalgo na sayi kwano da bulo, na ɗauki mota har ƙofar gidanmu a Gwandu, don kowa ya gani. Inna ta tsufa, ta rungume ni tana kuka. Da ta ga magina sun ɗaga diga ta ce, "Umaru, har bangon?" Na ce bangon ƙasa bai dace da kwano ba. Kwana uku suka yi suna fama da shi kafin ya faɗi, don ya ƙi faɗuwa. Aka yi na bulo, aka buga kwano, kuɗi suka ƙare kafin a kai ga silin. Gari ya zo kallo, ana ta sa mini albarka. Lokacin sanyi ne, ban ga komai ba.

Sai bazara ta shigo. Wata rana da azahar na zo daga Kalgo, inda na koma da zama, ban aiko ba. Gidan shiru, ba kaɗi, ba hira. Na ɗaga labulen ɗakin, zafi ya buge ni a fuska irin na benen Ikko ranar da inji ya lalace. Randa ma ta bushe. Na zaga baya, sai ga Inna kwance a ƙarƙashin rumbu, a kan buhu, kaji na gefenta. Matan unguwa sun koma wani gida can ƙarshen layi mai tsohon ɗaki, ita kuma ƙafafunta ba sa kai ta.

Da ta gan ni sai ta yi wuf za ta tashi, tana kakkaɓe zane kamar na kama ta da sata.

"Kaji niz zo dubawa," in ji ta.

Na durƙusa na ce, "Inna, gobe a cire shi. In sake maki na ƙasa."

Ta riƙe hannuna. "Shekara goma kac ci bisa kwanon ga. Ba a cire shi ina da rai. Kuma kak ka gaya ma kowa inda ka ishe ni."

Na yi mata rumfar zana, na ɗaura tabarmi a ƙarƙashin kwanon a madadin silin, abin ya ɗan ragu kaɗan. Amma ko da wane lokaci baƙo ya yi sallama, sai ta lallaɓa ta koma ciki ta zauna bakin gado, gumi na bin wuyanta, tana nuna sama tana cewa, "Umaru yay yi mani, daga Makka." Bazara uku ta yi haka kafin Allah ya karɓi abinsa. Ni kuwa duk ranar da na shiga ɗakin nan da rana, sai in ga hannuna yana laluben bango yana neman abin kashewa, babu.

Ku tafi, ban hana ku ba. Amma kafin ku hau mota ku tambayi uwarku abin da take so, kuma ku tsaya ku ji amsar. An kira la'asar. Sahabi, kama ni in tashi, gwiwar ta ƙi.