Zoben Bernadine a Cikin Takalmi

WENDELL: Alo, shagon Wendell ne.

KAZ: Wendell? Kaz ne.

WENDELL: Wa? Ɗaga murya, ana jifan ƙwallo a bayana.

KAZ: Kaz Rutkowski, mijin Bernadine.

WENDELL: Au, Mai Saura Ɗaya. Ina wuni?

KAZ: Lafiya lau. Shekara talatin ba ka gaji da sunan nan ba?

WENDELL: Mutumin da ya ci ɗari biyu da casa'in da tara cikin ɗari uku a bolin, wasan jifan kwalabe da ƙwallo, kwalba ɗaya ta tsaya tana kallonsa, me kake so in kira shi? Ya gwiwa?

KAZ: Da sauƙi. Ya Marlys? Ya jikoki?

WENDELL: Duk lafiya. Ya madam? Na ji ta tafi Duluth wurin ƙanwarta.

KAZ: E, jibi Juma'a za ta dawo. Ya kasuwa?

WENDELL: Mun gode Allah.

KAZ: To madalla. Ya... ya Marlys?

WENDELL: Ka tambaya, na ce lafiya. Kaz, tun da nake ba ka taɓa kirana don gaisuwa ba. Faɗi abin da ke tafe da kai.

KAZ: Har yanzu kana saye da sayar da zobban nan na bajintar bolin?

WENDELL: Akwati biyu gare ni. Na ɗari uku, na ɗari takwas, har irin naka na 'yan saura ɗaya akwai, su ne ba mai taya su.

KAZ: Na ɗari uku nake nema. Na mata. Na zinare, irin na shekarar tamanin da huɗu.

WENDELL: Na mata? A wane yatsa za ka sa?

KAZ: Ba wasa nake ba. Wani abokina ne yake so.

WENDELL: Abokin nan naka, shi ma matarsa ta tafi Duluth?

KAZ: To, ai...

WENDELL: Alo? Kana ji na?

KAZ: Ina ji. A ɗakin ƙasa nake, layin ba kyau. Wendell, ka rufa min asiri. Na sayar da zoben Bernadine.

WENDELL: Ka me?

KAZ: Ba da sanina ba. Kafin ta tafi ta ce in rage tarkacen ɗakin ƙasa. Ranar Asabar na fito da kaya ƙofar gida na yi gwanjo. Tsohuwar jakarta ta bolin, mai ruwan toka, da ƙwallo da takalma a ciki, shekara shida ba ta taɓa ta ba tun da ciwon gaɓɓai ya kama mata hannu. Wata yarinya mai goyo ta ɗauka dala takwas.

WENDELL: Ba ka zazzage takalman ba?

KAZ: Ban zazzage ba.

WENDELL: Kai da ka shekara arba'in kana jifa? Wa ka taɓa gani ya sa yatsa a ramin ƙwallo da zobe a hannu? Kowa cirewa yake ya jefa cikin takalmi. Kai kanka ina kake sa naka?

KAZ: A takalmi. Na sani. Shekaranjiya ta bugo waya ta ce in ciro mata shi daga takalmin ƙafar hagu in goge, za ta rataya a sarƙa ta je da shi liyafar ƙarshen kakar wasa ranar Asabar. Shekara arba'in cif da cin ta, an ce za a kira sunanta ta miƙe.

WENDELL: Ka ce mata me?

KAZ: Na ce to.

WENDELL: Jarumi.

KAZ: Na zaga shagunan jingina bakwai. Na je wurin masu sayen zinare biyu. Ɗaya ya ce duk abin da ya shigo Asabar, Talata ake aikawa a narkar. Jiya Talata.

WENDELL: Haka suke yi. Ba ruwansu da wa ya ci me, sikeli kawai suka sani.

KAZ: Shi ya sa na ce ko kana da irinsa. Idonta ya yi rauni yanzu, a sarƙa zai zauna, ba za ta...

WENDELL: Sunan da ke ciki fa? Kowane zobe da sunan mai shi da ranar da ya ci. Wanda nake da shi na wata Gladys ce daga Racine.

KAZ: Ba a gogewa a sake rubutawa?

WENDELL: Ana yi. Ni ba na yi. Ina wurin daren da ta ci, Kaz. Jifa goma sha biyu a jere, kowanne ta share kwalabe goma tas. Duk gidan bolin na Lisko aka daina wasa, maza suka tsaya da giya a hannu ba mai tari. Mace ta farko a gidan. Shi ne za ka rataya mata na Gladys a wuya ta miƙe gaban mutane?

KAZ: Ina wurin ni ma. Ni na riƙe mata jakar hannu, har na tsinka maɗaurin ban sani ba. To ya kake so in yi? Ko nawa ne zan biya. In haɗa maka da nawa zoben.

WENDELL: Naka? Riƙe kayanka, na ce maka ba mai taya su.

KAZ: Kwana biyu ban ci abin kirki ba, kai kana min dariya.

WENDELL: To zauna. Kana zaune?

KAZ: Ina kan... alo? Alo, Wendell?

WENDELL: Hau sama mana, ka fita daga ramin nan.

KAZ: Dakata. Gwiwar nan... To, ina kicin. Faɗi.

WENDELL: Ranar Litinin wata yarinya ta shigo min da goyo da ƙwallo, wai in toshe ramukan in sake huda mata daidai yatsunta. Ina juya ƙwallon na ce wannan hudar hannuna ce. Sai ta ciro abu daga aljihu ta ce ta gwada takalmin wani abu ya soke ta a yatsa, wai nawa zan saya.

KAZ: Wendell.

WENDELL: Ka san ni, ba na yi wa zobe kuɗi sai na karanta cikinsa. Na sa tabarau. Bernadine Rutkowski, sha tara ga Maris, tamanin da huɗu.

KAZ: Yana wurinka?

WENDELL: Yana aljihun rigata yanzu haka.

KAZ: Kada ka yi min wasa da wannan, hawan jini gare ni.

WENDELL: Ga shi ina ƙwanƙwasa shi a jikin wayar. Ka ji?

KAZ: Na ji. Na ji. Allah na gode maka. Bari in ja kujera. Kai amma ba ka da kirki, ka bar ni ina ta zuba.

WENDELL: Yarinyar za ka gode wa. Mai sayen zinare ta fara nufa, ta tarar ya tafi cin abinci. Dala ɗari biyu da ashirin na ba ta, na huda mata ƙwallon kyauta. Da na gaya mata na wace ce har cewa ta yi in karɓi kuɗina, na ce a'a, akwai wanda zai biya.

KAZ: Zan biya, har da soyayyen kifin da muke ci ran Juma'a, kai da Marlys, wata guda. Yanzu zan taho in karɓa in goge shi, in sa a wani takalmin, shi ke nan ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Amma tsaya. Tun Litinin? Me ya hana ka kira ni?

WENDELL: Sunanka ne a ciki?

KAZ: Ban gane ba.

WENDELL: Ƙa'idata ke nan tun da na fara sana'ar nan. Zobe ya shigo, in mai sunan na da rai, shi nake kira. Ba miji ba, ba ɗa ba. Ka san sau nawa 'ya'ya suka kawo min na ubansu yana kwance a asibiti bai sani ba?

KAZ: Ka kira Bernadine.

WENDELL: Litinin da rana.

KAZ: Da rana. Ita kuwa da yamma ta ce in ciro shi in goge.

WENDELL: To ka gani.

KAZ: Na shiga uku. Me ta ce? Ta yi kuka?

WENDELL: Wane kuka? Sai na ji tana dariya, tana kiran ƙanwarta ta zo ta ji. Ta ce in ajiye, kada in kira ka, tana so ta ga ko za ka faɗa mata da bakinka.

KAZ: Ni kuma na zo sayen na Gladys.

WENDELL: Wannan tsakaninmu ne, ni ban ji ba, ana jifa a bayana. Amma akwai saura. Ta ce, "Na san Kaz, ba zai ci abinci ba, kuma zai manta da maganinsa. In ya kai Laraba da yamma bai yi magana ba, ka gaya masa an samu. Zoben na iya jira, shi ne ba na so ya faɗi."

KAZ: Haka ta ce?

WENDELL: Sau biyu ta maimaita. Kaz? Kana nan? Mura ce ta kama ka yanzu yanzu?

KAZ: Rabu da ni.

WENDELL: Tsaya, ga wani kira na shigo min. Lambar Duluth ce. Kullum sai ta kira ta ji ko ka...

KAZ: Kada ka ɗauka. Bar shi ya katse, ni zan kira ta. Sauka min daga layi.