Tocila Ta Ƙone Mini Ɗankwali

Salamu alaikum, mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Talatu daga Auna.

Da asuba muke fita tsintar kaɗanya. Aikin sai da hannu biyu, shi ya sa nake cusa 'yar tocilata mai caji cikin ɗankwali. Kafin in cika ƙwarya sai ta ɗauki zafi, haskenta ya dushe, ta mutu. Har gashina ta babbake! Mai gyara a Kontagora ya ce wai ɗankwalin ke hana ta shan iska, in riƙe ta a hannu. To da haƙori zan yi tsintar?

Jiya da ta mutu, na kai hannu cikin duhu na taɓa maciji. Jama'a, yaya zan yi? Gobe ma sai na fita.