Litinin a Ɗakin Tiyata

A tashar Gwarzo, Ikilima na cikin motar Kano ana jiran fasinja, sai dattijuwar gefenta ta nisa.

"'Yar nan, ranar Litinin za a yi mini aiki. An ce ɗalibai ake sakar wa mutum."

"A'a Inna, babban likita ke yi. Mu taimako kawai muke."

"Ku?"

Ikilima ta gyara zama. "Ɗaliba ce ni. Ranar zan fara shiga tiyata. Tunda na ji, barci ya gagare ni."

Dattijuwar ta daɗe tana kallon Ikilima, sannan ta riƙe hannunta.

"In muka haɗu, ki tsaya kusa da kaina kafin su sa ni barci. Ni ma tsoro nake ji."