Mai Ƙaho Huɗu a Akwatin Ƙarfe

A shagon kayan intanet, wani tela ya dire na'urar wayifai mai ƙaho huɗu a kan teburin mai shago, ransa a ɓace. Wata dattijuwa da ke bayansa a layi ta leƙo.

"Ɗana, mayar da ita za ka yi? Irin tawa ce fa, har tsakar gida take kaiwa."

"Baƙar can zan karɓa, Mama. Wannan sai ƙahoni, ba aiki. Gobe matata za ta rubuta jarrabawa ta intanet. In ta yanke mata, shekara ta tafi."

"Ina ka ajiye ta?"

"Cikin akwatin ƙarfe, ƙarƙashin keken ɗinki. Tagwayenmu sun fara rarrafe, komai suka samu sai baki. Ni ke riƙe su in tana karatu."

Dattijuwar ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Ka kulle baiwar Allah cikin ƙarfe, kuma kana so ta yi magana? Ɗora ta can sama, a sarari."

Sai ta ƙare masa kallo.

"Ga ɗinki, ga renon tagwaye? Wallahi yarinyar nan ta yi dacen miji."

Tela ya sunkuyar da kai, ya rungumi na'urarsa, ya bar mata layin.