Ni Na Roƙa A Tura Shi Mali

Iyayena mata da ƙannena, na gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu mai cetonmu. Ku yabi Ubangiji! In muryata ta sarƙe a hanya ku yi mini haƙuri, zan kai ƙarshe.

Ga baƙin da ba su san ni ba, ni ce Saratu, Maman Iliya, mai waina a bakin tasha a Bolari. Tsofaffin wannan zumunta kuwa sun san ni, sun san bakina. A da in zazzaɓi ya kama yaro ko miji ya fara dogon yawo, wurina ake zuwa neman addu'a. Har tsokanata kuke yi wai ina da lambar wayar sama. Ni ma ina jin daɗin zancen, ba zan ɓoye ba.

Ɗana Iliya soja ne. A shekarun da Borno ta yi zafi, aka ce za a raba bataliyarsu: yawancinsu Borno, kaɗan kuma Mali, don gwamnati ta yi wa ƙasashe ƙawayenta alkawarin ba da sojoji. Ya zo hutu, ya zauna a bencina yana cin waina kyauta kamar yadda ya saba, ya ce, "Mama, ki sa ni a addu'a. Duk inda aka tura ni, aiki ne."

Na ce, "Wane irin duk inda? Bornon da ake kwaso gawa? Mali za ka, in dai ni na haife ka."

Ya yi dariya ya ce, "Mama, ashe yanzu ke ce kwamanda."

Na shiga azumi. Na sa ku ma kuka shiga. Ban ce wa Allah ya kiyaye mini yaro ba, sunan ƙasa na kama, Mali, Mali, safe da rana. Matarsa Rahila, da ƙaramin cikinta, ta ce, "Mama, Mali fa da nisa. Borno ko ba komai in ya samu hutu zai leƙo mu." Na ce, "Yarinya, ki bari manya su yi magana da Allah."

Sunansa ya fito a cikin masu zuwa Mali. A nan gurbin da nake tsaye na ba da shaida, na yi rawa har ɗankwalina ya faɗi, kuka buga tulu kuka yi guɗa. Abokinsa Bulus, wanda aka tura Borno, na ji tausayin uwarsa ƙwarai.

Ba a yi nisa ba sojoji biyu suka same ni a bakin tanda. Babbansu ya cire hula. Ya ce motarsu Iliya ta taka nakiya a hanya. Ya ce ɗana ya mutu yana cika alkawarin da ƙasa ta ɗauka, kuma in ba a tare masifar a can ba, nan za ta iso.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ta iso ai! Ba a tashar garin nan bam ya tashi ba? Wa ya bar ƙasarsa ya zo ya tare mana?" Sai juya hula yake a hannu. Wainar da ke cikin tanda ta ƙone ƙurmus.

Wayyo 'yan'uwa! Da farko gwamnati na riƙa zagi. Amma ran da Bulus ya dawo daga Borno da ƙafafunsa biyu, ya durƙusa a gabana yana mini ta'aziyya, ran nan zuciyata ta juya kaina. Ba gwamnati ba ce ta yi azumi. Ni ce. Ni na zaɓar wa ɗana ƙasar da zai mutu.

Daga ranar na rufe bakina. Ina zuwa sujada, ina sa zanen zumunta, amma ko Amin ba na cewa. Ko a kan abinci ba na addu'a. Tsoro nake ji kada in roƙi abu a ba ni. Wasunku kun zo da damuwarku, na ce makogwaro ke damuna. Mama Fasto ta zauna da ni ta yi ta magana, ina gyaɗa kai kamar ƙadangare, ba abin da ya shiga.

Rahila ta ci gaba da zama a ɗakinsu a Tumfure, cikinta yana girma. Duk zuwana sai ta kama hannuna ta ɗora a kai ta ce, "Mama, ki sa masa albarka." Sai in zame hannun in ce bari in duba tukunya. Ta ɗauka na tsane ta ne tun da ɗana ya tafi. Ba ta san ɓoye jaririn nake yi daga bakina ba. Shi kaɗai ya rage mini na Iliya, na ce wannan kam ba zan ambace shi a gaban Allah ba.

Naƙuda ta zo mata da hantsi, ina wurinta. Muka shiga keke, hanyar Tumfure ta yi mini tsawon da ban taɓa gani ba. A asibiti na zauna a baranda na cije leɓe, na danne kowace kalma.

Can sai ungozoma ta fito ta ce, "Mama, sai haƙuri. Namiji ne, amma bai zo da rai ba. Uwar kuma jini ya ƙi tsayawa. Tana kiranki."

Na shiga. Rahila ta yi fari fat, muryarta da ƙyar take fita. Ta ce, "Mama, me na yi miki? Ko mutuwa zan yi, ba za ki yi mini addu'a ba?"

A nan ne abin ya fashe mini. Na yi addu'a, na rasa ɗana. Na yi shiru, na rasa jikana. Ashe ba bakina ba ne! Ashe duk watannin nan na ɗauki kaina mai riƙe da rai da mutuwa, ni da ko wainata ba na iya hana ta ƙonewa.

Na zube a kan siminti na kama ƙafarta. Ba addu'a mai tsari na yi ba, kuka ne. Na ce, "Yesu, ban san komai ba. Ban san Mali ba, ban san Borno ba. Ga Rahila. Taka ce." Na yi ta maimaitawa har suka fitar da ni don su yi aikinsu.

Kafin rana ta faɗi jinin ya tsaya. Halleluya! Rahila, tashi su gan ki. Ga ta nan, ita ta ɗaura mini ɗankwali yau da safe.

Ba zan yi muku ƙarya a gidan Allah ba. Ban warke daga kewar Iliya ba. In na ga kaki a tasha har yanzu sai na ɗaga kai na duba ko shi ne. Jikana ko suna bai samu ba. Ban san dalilin da ya sa aka ɗauke su ba, kuma na daina cewa na sani. Amma Ubangiji ya cire mini tsoronsa irin na bawa da mugun ubangida, ya mayar mini da bakina. Saboda wannan nake gode masa.

Na san akwai iyaye a nan da 'ya'yansu ke bakin daga, wasu a gida, wasu a ƙasashen da ba mu iya kiran sunansu ba. Kada ku yi shiru irin nawa, ku dogara ga Yesu. In an tashi ku zo, ku gaya mini sunayensu, zan durƙusa tare da ku. Amma kada wata ta ce in gaya wa Allah inda za a tura ɗanta. Sunan yaron kawai za mu kai masa.

Ku yabi Ubangiji. Amin.