A Sauke Waƙar Hajara Daga Motar Parti

Assalamu alaikum mai gabatarwa, da duk masu saurare. Ni ne Ɗan Tani, tsohon manomi daga Jiratawa. Ban yi karatun lakwal ba, maƙwabcina tela ke rubutawa, kuma na hana shi gyara min magana.

Matata Hajara ta rasu da damina. Kowa ya san lokacin ne itacen gawo ke zubar da ganye, ya tsaya tsirara alhali daji ya yi kore. Akwai ɗaya a gonarmu, inda take aje min fura. Ina noma ina dubansa, sai na yi mata waƙa, na ce ni da gawon nan kaɗai damina ta tuɓe.

Ɗan ƙanena Issufu ya ɗauki waƙar a kaset, wai don tunawa. Rannan na shigo Sabon Gari, sai ga muryata bisa motar parti, an sa mata ganga, samari na rawa. Na hango Issufu cikin motar, na tare shi. Ya ce, "Baba, ai gawon nan talaka ne da gwamnati ta tuɓe."

Na ce, "Kai, talakan ne ke dama min fura?" Ya yi dariya, mota ta wuce.

Ku ba ni shawara: wajen alƙali zan kai shi ko wajen maigari? Ba ruwana da kujerar kowa, a sauke min matata daga motar nan.

Ina gaida dangin Hajara na Tibiri. In kun ji ana rawa da makokin ɗiyarku, wallahi ba da yawuna ba ne.